Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Kwamfuta da Linux

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a 2014, shekarar da Microsoft ya daina kula da Windows XP ranar 8 ga Afrilu, aka bar kwamfutoci masu ƙoshin lafiya kamar marayu. Tayar da irinsu da Linux, tsarin gudanar da kwamfuta da ake girkawa a madadin Windows, shi ne aikin da ya cinye shekarun da suka biyo baya, don haka yau zan ajiye labarin kaina in shimfiɗa muku aikin.

Kafin ka sauke komai daga intanet, ka san injinka. Nawa ne ram ɗinsa, wato ma'adanar wucin gadi da injin ke aiki da ita, kuma furosesarsa 32-bit ce ko 64-bit? Core 2 Duo tana ɗaukar 64, amma Atom N270 da ke cikin ƙananan laftof na wajajen 2008 ba ta wuce 32. A nan ake yawan tuntuɓe. Mutum ya sauke sabuwar Lubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, injin ya ƙi tashi, sai ya yanke masa hukuncin mutuwa, alhali Lubuntu ce ta daina fitar da ta 32-bit tun bayan 2018. Debian, wani nau'in Linux ɗin, ita ma ta bi sahu a fitowarta ta 13 a 2025.

Idan 64-bit ce kuma ram ya kai gigabait 2, Lubuntu ko Linux Mint Xfce za su zauna daram. Gigabait 1 ko ƙasa da haka, antiX nake ba da shawara: a kan Debian aka gina ta, fitowarta ta 23 tana da ta 32-bit, kuma in ta tashi ba a buɗe komai ba, abin da take ci bai kai megabait 200 ba. Akwai kuma Puppy Linux, wadda Barry Kauler ya fara a 2003. Ita kwashe kanta take yi gaba ɗaya ta shiga ram, shi ya sa take aiki ko da faifan ajiya ya mutu.

Kwashe hotuna da takardunka tukuna, domin girkawa share faifan take yi. Sannan ka samo filash mai gigabait 4 ko fiye, ka sauke fayil ɗin ISO, wato wanda ke ɗauke da tsarin gaba ɗaya, ka gwada lambar tantancewa ta SHA256 ɗinsa da wadda masu shi suka wallafa. Mutane na raina wannan, amma fayil da ya yanke a hanya sai an yi rabin girkawa yake nuna halinsa. Rubuta shi a filash da manhajar Rufus, ka zaɓi MBR, tsohon tsarin raba faifai, saboda tsohon BIOS, manhajar da ke fara tayar da injin, ba lallai ya tashi daga sabon tsarin GPT ba.

Da ka kunna, danna F12 a Dell ko Lenovo, F9 a HP, ka zaɓi filash. Kada ka yi gaggawar girkawa. Bar tsarin ya tashi daga filash ɗin, ka gwada sauti da madannai da waifai. In allo ya yi baƙi ƙirin bayan sunan tsarin ya bayyana, rigimar direban katin hoto ce. Ƙara kalmar nomodeset a layin umarnin da ke tayar da tsarin. In kuwa furosesar Pentium M ce, aka ce babu PAE, wata fasahar sarrafa ram, yawancinsu suna da shi, ɓoye shi kawai suke yi, ƙara kalmar forcepae a wannan layin ke warware zancen.

Wajen raba faifai ba a buƙatar fasaha: gigabait 2 na swap, wato ɓangaren faifai da ke taimaka wa ram in ya cika, sauran duka ext4, tsarin ajiye fayil na Linux.

Abubuwa biyu ne ke biyo baya. Na farko katin waifai na Broadcom, wanda ba ya motsi sai an saka masa manhajar firmware-b43-installer, kuma sai ka jona kebul ɗin intanet kafin ka iya sauke shi. Na biyu ya fi ba da haushi don ba a zarginsa: ɗan batirin CR2032 da ke kan babban allon injin. In ya mutu, agogo sai ya koma shekarun baya, shafuka su riƙa cewa takardar tsaronsu ba ta inganta ba, sabunta manhajoji ma ya ƙi. Sai a yi ta zagin Linux, alhali batir mai girman kwabo ne ya gaza.

Kada kuma a yi maka romon baka. Tsarin zai yi sauƙi, amma shafukan yau ba su san tsohon inji ba. Burauza ita ce kura a wannan garke. Buɗe shafi biyar a inji mai gigabait 1, ka ji faifai yana kuka. Saka uBlock Origin mai toshe tallace-tallace a Firefox, kunna zram mai matse bayanai a cikin ram, ka rage yawan shafukan da kake buɗewa. In injin yana da mashigar faifai irin ta SATA, musanya tsohon faifai da SSD, faifan zamani mai sauri, ya fi kowace dabara tasiri, ko da ƙarami ne mai gigabait 120.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga batun firinta da sikana, inda na fi shan wuya.