Zinki: Daga Saiwar Shuka Zuwa Hanjin Ɗan Adam

Duk sinadarin zinkin da ke jikin babban mutum bai wuce giram 2 zuwa 3 ba, amma akwai nau'in enzayim, wato sinadaran da ke tafiyar da ayyukan cikin jiki, fiye da 300 da ba sa aiki sai da shi, kuma girman yaro, da warkewar rauni, da ƙarfin garkuwar jiki duk suna rataye a kansa. Jiki ba ya tara shi a wani wuri domin ranar buƙata kamar yadda yake tara sinadarin ƙarfe a hanta, saboda haka dole ne ya riƙa shigowa kullum ta hanyar abinci. Abin da ya ja hankalina a tarihin binciken wannan sinadari shi ne, masana tsirrai da likitoci sun yi shekaru masu yawa suna bin sawun matsala ɗaya, kowa ta tasa hanyar, kafin su gane cewa ciwon da likita ke gani a asibiti sau da yawa daga gona ya taso.

Masana tsirrai ne suka riga. Tun a 1869 Jules Raulin, ɗalibin Louis Pasteur a Faransa, ya nuna cewa wani nau'in fungas ba ya girma idan babu zinki, sannan a 1926 Sommer da Lipman suka tabbatar da haka ga manyan tsirrai, a 1934 kuma aka tabbatar ga ɓeraye. Duk da haka likitoci sun ci gaba da ɗauka cewa mutum ba zai taɓa rasa zinki ba, tunda kaɗan yake buƙata kuma akwai shi a kusan kowane abinci.

Wannan zato ya rushe ne a Shiraz ta ƙasar Iran. A 1958 aka kawo wa Dakta Ananda Prasad, likita ɗan asalin Indiya da ya yi karatu a Amurka, wani saurayi mai shekara 21 wanda duk wanda ya gan shi zai rantse bai wuce shekara 10 ba. Ya tsumbure, bai balaga ba, jininsa ya yi ƙaranci ƙwarai, hantarsa da saifarsa sun kumbura. Abincinsa kusan gurasar alkama ce kawai wadda ba a sa mata yis ba, ba ya samun nama, kuma yana cin yumɓu kusan rabin kilo a rana. Ba da jimawa ba aka samu wasu masu irin wannan hali. Ƙarancin sinadarin ƙarfe ya isa ya bayyana rashin jinin, amma bai isa ya bayyana tsumburewa da rashin balaga ba, sai Prasad ya tuna cewa waɗannan alamu su ne ake gani a dabbobin da aka hana zinki. Ya wallafa hasashensa a 1961, sannan ya koma Masar, inda ya tarar da samarin karkara masu kamanni iri ɗaya, sai dai su ba sa cin ƙasa, tsargiya da tsutsar ciki ne ke tsotse su. A can ya auna ya tabbatar da ƙarancin a 1963, kuma waɗanda aka bai wa zinki sun ƙara tsawon santimita 12 zuwa 15 a cikin shekara guda, suka kuma balaga. Sai a 1974 hukumar abinci mai gina jiki ta Amurka ta amince ta sanya zinki cikin abin da mutum ke buƙata kullum.

Abin lura shi ne alkamar da samarin Iran ke ci tana da zinki a cikinta, amma ba ya kai wa ga jini. Hatsi yana ajiye sinadarin fosfaras ɗinsa a cikin wani abu da ake kira faitet, tanadi ne domin ranar da ƙwayar za ta tsira, kuma faitet yana kama zinki da ƙarfe ya riƙe su tam, har su wuce ta hanji ba tare da jiki ya samu rabonsa ba. Idan aka kwaɓa gari da yis aka bar shi ya tashi, wani enzayim yana farfasa faitet ɗin, shi ya sa mazauna birni masu cin burodin da ya kumbura ba su shiga halin da mutanen ƙauye suka shiga ba.

Rabin labarin na biyu ya fito ne daga tsakiyar Anatoliya a Turkiyya, yankin da ke noman alkama mai yawa. Manoman can sun daɗe suna ganin ganyen alkamarsu yana ɗashewa, shukar tana tsugunewa, ana ɗora laifin a kan fari ko cuta. A farkon shekarun 1990 Farfesa Ismail Cakmak da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙarancin zinki ne. Ƙasar yankin tana da yawan alli, ba ta da taki na gargajiya a jikinta, ga ƙarancin danshi, kuma a irin wannan ƙasa zinki yana nan amma a ɗaure, saiwa ba ta iya jan sa. Da aka zuba zinki a gonakin gwaji amfanin ya ƙaru sosai, a wuraren da abin ya fi tsanani har ya ninka. Cikin shekaru kaɗan takin zamani mai ɗauke da zinki, wanda a da ba a sayar da shi ko buhu ɗaya a ƙasar, ya kai dubban ɗaruruwan tan a shekara. Daga baya gwaje-gwaje a ƙasashe da dama suka nuna cewa zuba zinki a ƙasa ya fi taimakon yawan amfani, amma fesa shi a ganye lokacin da ƙwaya ke cika ya fi ƙara shi a cikin hatsin da za a ci. An kuma gano cewa yawan takin fosfaras yana rage zinkin da shuka ke ɗauka, domin yana raunana wasu fungas masu zama a jikin saiwa suna taya ta tattaro abinci daga nesa.

Wurin da fannonin biyu suka haɗu sosai, a ganina, shi ne cikin ƙwayar halitta. A 1996 David Eide da Mary Lou Guerinot da abokan aikinsu suka gano wani furotin a saiwar wani ƙaramin tsiro dangin kabeji da ake yawan gwaji da shi, suka sa masa suna IRT1, wanda aikinsa shi ne buɗe wa ƙarfe da zinki ƙofa su shiga saiwa. A lokaci guda aka gano 'yan uwansa a cikin yis, aka haɗa su duka a dangi ɗaya mai suna ZIP. Da aka duba jikin ɗan Adam sai aka tarar yana da irin waɗannan ƙofofi har 14. Akwai wata cuta ta gado da ba a cika samu ba, wadda ke kama jarirai, galibi bayan yaye, da ƙuraje a kewayen baki da gaɓoɓi, da gudawa, da zubar gashi, kuma a da takan yi kisa. Tun a 1973 wani likitan fata a Ingila, Edmund Moynahan, ya gano cewa zinki yana warkar da ita, amma ba a san dalili ba sai a 2002, lokacin da ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Faransa, suka nuna cewa ƙofar ZIP4 ce ta hanjin yaran ta lalace. Ke nan abin da aka fara fahimta a saiwar ciyawa shi ya bayyana ciwon jariri.

Amfanin da ya fi yaɗuwa a asibitoci shi ne na gudawar yara. Bayan gwaje-gwaje da yawa a Indiya da Bangaladash da wasu ƙasashe, a 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki, miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14, ko miligiram 10 ga jaririn da bai kai wata shida ba. Zinkin yana rage tsawon ciwon, yana kuma rage yiwuwar dawowarsa cikin wata biyu zuwa uku masu zuwa. Matsalar da ma'aikatan lafiya ke yawan kuka da ita ita ce da zarar gudawar ta tsaya a kwana na uku sai a daina bayarwa, alhali sauran kwanakin ne ke mayar wa jikin yaron abin da ya zubar.

Ƙwayar magani ba za ta ciyar da al'umma ba, kuma wani ƙiyasi na 2012 ya nuna kusan kashi 17 cikin 100 na mutanen duniya suna cikin haɗarin rashin samun isasshen zinki. Wannan matsala ce ta sa HarvestPlus, wani shirin binciken noma na ƙasa da ƙasa, ya kama hanyar samar da iri mai yawan sinadari ta hanyar barbara ta gargajiya. Pakistan ta fitar da alkamar Zincol a 2016, kuma a 2018 aka fitar da geron Chakti mai yawan ƙarfe da zinki a Nijar, daga aikin cibiyar binciken noma ta ICRISAT. Asalin wannan baiwa daga wani gero ne na manoman arewacin Togo da ake kira iniadi, wanda aka kai Indiya aka inganta. Sai dai ina ganin masu tallata waɗannan iri sukan yi gaggawar alkawari. A wani babban gwaji da aka yi a Delhi aka wallafa a 2018, yaran da suka ci alkama mai zinki sun yi ƙarancin kwanakin ciwon huhu da amai, amma zinkin da ke jininsu bai bambanta da na sauran ba. Wannan bai nuna irin ba shi da amfani ba, ya nuna ne ma'aunin yana da rauni, domin abin da ke yawo a ruwan jini kusan kashi 0.1 cikin 100 ne na zinkin jiki, kuma zazzaɓi kaɗai kan sa ya faɗi.

Ga mai cin gero da dawa, yadda ake sarrafa hatsi yana da tasiri. Jiƙa gero, da barin gasara ta yi tsami kafin a dama koko, da tsirar da hatsi, duk suna rage faitet. Surfe kuwa yana cire faitet tare da dusa, amma yana tafiya da wani kaso na sinadaran. Ɗan nama ko kifi a miya yana taimaka wa hanji ya sha abin da ke cikin tuwon. Akwai kuma ɗan sauƙi ga masu cin dawa da masara a wani binciken masani Samuel Myers na 2014, wanda ya nuna ƙaruwar iskar kabon a sararin sama tana rage zinkin alkama da kusan kashi 9 cikin 100, amma dawa da masara ba su nuna irin wannan raguwa ba.

Abin da ya rage batun kuɗi ne. Manomin Anatoliya ya sayi zinki ne domin buhunansa sun ƙaru, amma babu ɗan kasuwar da zai ƙara wa manomi ko kwabo a kan mudu saboda hatsinsa ya fi zinki, tunda ido ba ya gani. Finland ta fuskanci irin wannan da sinadarin seleniyam, sai gwamnati ta sa a riƙa haɗa shi cikin takin zamani tun daga 1984, kuma adadinsa a jinin jama'a ya tashi cikin shekaru kaɗan ba tare da kowa ya sauya abincinsa ba. A Najeriya takin da manomi ya fi sani shi ne NPK da yuriya, waɗanda babu zinki a cikinsu sai an ƙara da gangan. Masana'antun gauraya taki sun yawaita tun daga 2017, kuma ƙara zinki a gaurayen ba aiki ne mai wuya ba, muddin an fara auna ƙasar kowane yanki an san inda ake buƙatarsa, an kuma yanke shawarar wanda zai biya kuɗin ƙarin.