Fim ɗin 4K ya daina tsayawa a talabijin, ga inda matsalar ta ɓuya

'Yan uwa masu wannan harka, albishirinku. Fim ɗin 4K da ya daɗe yana ba ni ciwon kai ya tafi daga farko har ƙarshe a talabijin, daga kwamfutar da ke ɗaya ɗakin, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Fankar kwamfutar ma ba ta ɗaga murya ba. Alhamdu lillahi. Na ji daɗi ƙwarai da gaske, shi ya sa na ce bari in rubuta tun abin bai huce a kaina ba, domin na tabbata akwai wanda yake zaune yanzu haka yana kallon wannan da'irar lodi tana juyawa a tsakiyar allo, yana ɗora wa Wi-Fi laifi.

Kayan aikina ba wasu na a-zo-a-gani ba ne. Tsohuwar kwamfutar tebur ce na mai da ita saba, wato mai miƙa wa sauran na'urori fina-finai, na ɗora mata Jellyfin, manhajar da ke wannan aikin, na zuba mata fina-finan da na kwafo daga faya-fayan Blu-ray ɗina da manhajar MakeMKV, duk a mazubin MKV, wato nau'in fayil da ke haɗa hoto da sauti da rubutun fassara wuri guda. Tsarin da na rubuta da farko mataki huɗu ne: talabijin ta ga kwamfuta, in shirya foldoji da sunaye, in gwada 4K, sannan in koma kan kallo a waya. Ban bi su a jere ba. Har yanzu rabin foldojin a hargitse suke, domin mataki na uku ya cinye sauran.

Maganar ganin saba ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Na fara da DLNA, ƙa'idar da na'urorin gida ke bi su raba wa juna bidiyo, tunda a cikin talabijin take zuwa, duk da cewa ƙungiyar da ta kafa ƙa'idar a 2003 ta rufe tun 2017. Talabijin ta ƙi ganin komai. Dalilin shi ne rauta biyu ce a gidan, kowace tana raba nata adireshin, ɗaya 192.168.0, ɗaya 192.168.1. Kiran da na'urorin DLNA ke yi don su san juna yana tafiya ne ta SSDP, zuwa 239.255.255.250 a ƙofa ta 1900, kuma wannan kira ba ya tsallaka rauta. Da na kashe DHCP na ta biyun, wato sashen da ke raba adireshi, na bar ta tana watsa sigina kawai, nan take kwamfutar ta bayyana. Wanda ke kan Jellyfin 10.9 ko sama ya tuna cewa an fitar da DLNA daga cikinta, sai ka ɗora shi daban a matsayin ƙari. Ni dai daga baya na koma manhajar Jellyfin da ke kan talabijin, na rubuta adireshin kwamfutar da 8096, lambar ƙofar Jellyfin, a ƙarshe, na kuma ɗaure adireshin a rauta don kada ya sauya.

To, nan aka shiga ainihin dambarwar.

Fina-finan 1080p suna tafiya lafiya lau. Da zarar na buɗe na 4K, sai ya yi 'yan daƙiƙu yana tafiya, ya tsaya, da'ira ta juya, ya ci gaba kaɗan, ya sake tsayawa. Haka za a yi ta yi har ran mutum ya ɓaci ya ajiye rimot. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba kullum ba ne. Wata rana fim ɗin ya yi nisa bai tsaya ba, wata rana tun rubutun farko bai gama wucewa ba ya fara.

Zato na farko hanyar sadarwa ce, kamar yadda kowa zai zata. Talabijin tana kan 2.4 GHz, inda tashoshi uku ne kacal ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma siginar maƙwabta ta cika su. Na sayi sabuwar rauta mai ƙarfi a 5 GHz. Kuɗin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, domin na rumbun ajiya ne da na daɗe ina tarawa. Na haɗa, na mai da talabijin kan 5 GHz, na buɗe fim. Ya tsaya kamar yadda ya saba tsayawa. Ranar ban ƙara taɓa komai ba saboda takaici. Daga baya na ja kebul daga rauta har bayan talabijin, ina cewa yanzu dai babu sauran uzuri. Nan ma bai sauya zani ba.

Fanka ce ta sa ni a hanya. Na shiga ɗakin da kwamfutar take lokacin da fim ke kunne a falo, sai na ji tana hurawa kamar za ta tashi sama, iskar da ke fita ta baya kuma da zafi. Kwamfutar da aikinta kawai ta miƙa fayil ba ta da dalilin wannan wahala. Na buɗe shafin kulawa na Jellyfin, na duba abin da ake kunnawa, sai ga shi a rubuce: ba Direct Play ba ne, wato miƙa fayil yadda yake, juya bidiyon take yi gaba ɗaya zuwa tsarin da talabijin ke karɓa. A ƙasa kuma ta faɗi dalilai biyu, talabijin ba ta karɓar sautin, ba ta kuma karɓar rubutun fassarar.

Ina so ku lura da bambancin waɗannan biyun sosai, domin a nan na fi daɗewa. Sautin fim ɗin DTS ne, kuma akwai talabijin da yawa da ba sa iya kunna shi, tawa tana cikinsu. Amma wannan ƙaramin aiki ne. Saba tana juya sautin kaɗai zuwa AAC ko AC3, ta bar hoton yadda yake, ta zuba su a sabon mazubi ta aika. Ko kwamfuta mai rauni tana yin wannan ba tare da ta ji a jikinta ba. Rubutun fassarar ne mugun. Wanda ke zuwa a faifan Blu-ray ana kiransa PGS, kuma ba haruffa ba ne kamar SRT, hotuna ne, kowane layi hoton kansa. Manhajar da ke kan talabijina ba ta iya ɗora waɗannan hotuna a kan fim. Don haka sai saba ta ɗauki nauyin: ta warware kowane firam na bidiyon, ta liƙa masa rubutun, ta sake matse shi, sannan ta aika. Layi ɗaya na magana a ƙasan allo shi ke jawo a sake gina fim ɗin 4K ɗungurungum, yayin da kake zaune kana kallo.

Nan ne kuma na gane dalilin da ya sa ba kullum yake yi ba. Ranar da aka kashe fassara, fim ya tafi. Ranar da aka kunna, ya tsaya. A wasu fayilolin ma an sa wa layin PGS alamar ya kunnu da kansa, ko ba ka taɓa rimot ba.

Na buɗe bayanan aikin FFmpeg, manhajar da Jellyfin ke juya bidiyo da ita, don in gani da idona. A ƙarshen kowane layi akwai wurin da aka rubuta speed, kuma lambar da ke gabansa tana ƙasa da 1x. Ma'ana kwamfutar tana buƙatar fiye da daƙiƙa guda kafin ta shirya daƙiƙa guda ta fim. Talabijin tana shanye abin da aka tara mata, sai ta tsaya jira. Ko da hanyar ta fi kowace faɗi a duniya, ba za ta kai abin da ba a gama haɗawa ba. Duk wanda fim ke tsaya masa, ina roƙonsa ya duba wannan lamba kafin ya sayi ko da guntun kebul.

Me ya sa kwamfutar ta gaza? Bidiyon 4K na faifai da tsarin matsewa na HEVC mai bit 10 ake yin sa. Furosesoshin Intel suna da Quick Sync tun 2011, sashe na musamman da ke ɗaukar aikin bidiyo, amma cikakken warware HEVC mai bit 10 ya zo ne daga ƙarni na 7, wanda ake kira Kaby Lake. Tawa ta girme shi, don haka da ƙarfin tuwo take yin komai. Ga kuma wata asara a kai: idan aka juya bidiyo mai HDR, wato mai faɗin haske da launi, ba tare da an daidaita launi ba, sai hoton ya fito a koɗe, fuskoki su yi toka-toka. Kenan ina shan jira, abin da ke isowa kuma bai kai asalin kyau ba.

Hanya biyu ce a gabana: ko in sayi katin bidiyo ko sabuwar kwamfuta don juyin ya yi sauri, ko in hana juyin faruwa tun daga tushe. Na zaɓi ta biyu, kuma ko da ina da kuɗin ita zan zaɓa. A ganina, a cikin gida, tsakanin kwamfuta ɗaya da talabijin ɗaya, gyara fayil sau ɗaya ya fi a bar na'ura tana maimaita aiki iri ɗaya duk lokacin da aka danna fim.

Ga yadda na yi. Na buɗe fayil ɗin da manhajar Subtitle Edit, na zaɓi layin PGS, na bar shi ya karanta hotunan ya mai da su haruffa. Ba ya fita tsaf. Yakan rikita babban harafin I da ƙaramin l, layukan da aka rubuta a karkace kuma sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne na haƙuri, amma na ji daɗinsa, domin kana ganin hoton layin a gefe guda, abin da manhajar ta karanto a ɗaya gefen, kana gyarawa kana wucewa. Na ajiye shi a SRT kusa da fim ɗin, da suna iri ɗaya, da alamar harshe kafin srt ɗin. Ku tabbata kun ajiye a UTF-8, musamman wanda zai rubuta tasa fassarar da ƙ da ɗ da ɓ, in ba haka ba wasu alamomi ne za su fito a madadinsu. Sannan na buɗe MKVToolNix, manhajar gyara fayilolin MKV, na cire wa PGS ɗin alamar kunna kai. Ban goge shi ba, wata na'urar tana iya karɓarsa nan gaba.

Sautin kuma layi ɗaya ya ishe shi:

ffmpeg -i fim.mkv -map 0 -c copy -c:a ac3 -b:a 640k sabo.mkv

Wannan yana kwafe hoton yadda yake, sautin kaɗai yake juyawa, shi ya sa cikin 'yan mintuna yake gamawa. AC3 iyakarsa 5.1 ne a 640k, ni kuma kayan sautina ba su wuce haka ba. Ku ajiye asalin fayil ɗin har sai kun kalli sabon kun gamsu. Rumbuna ya cika saboda haka, kuɗin sabo kuma ya riga ya tafi a rauta.

Na buɗe fim, shafin kulawa ya nuna Direct Play, fanka ta yi shiru. Na ɗauka an gama. Sai da aka kai wani wuri mai ruwan sama da gudu da ƙura, ya sake tsayawa. Sau ɗaya, gajere, amma ya tsaya. Na mai da shi baya, ya tsaya a wuri guda. Gaskiya raina ya sosu, domin wannan karon babu juyin da zan tuhuma.

Wannan kam hanya ce, sai dai ba inda nake zato ba. Na shiga shafin rauta inda take nuna gudun kowane ramin soka kebul a megabit. Na kwamfuta 1000, na talabijin 100. Na cire kebul ɗin daga talabijin na soka a kwamfutar hannu, ya nuna 1000. Kenan kebul lafiyarsa ƙalau, ramin da ke jikin talabijin ne iyakarsa megabit 100, kuma haka yawancin talabijin suke zuwa, har manya masu tsada. A aikace abin da ke wucewa ta irin wannan rami bai fi kamar megabit 94 ba. Faifan Blu-ray na 1080p hotonsa ba ya wuce megabit 40 a daƙiƙa, shi ya sa waɗancan ba su taɓa damuna ba. Na 4K kuwa wani abu ne daban. Ku yi lissafi: fayil mai gigabait 60 na awa biyu yana kamawa kusan megabit 67 a daƙiƙa. A takarda ya shige. Amma wannan matsakaici ne. Inda mutum biyu ke zaune suna hira nauyin yana sauka ƙasa sosai, inda komai ke motsi kuma yana iya haura 100 idan aka haɗa da sauti. Talabijin ba ta da wurin tara bayanai mai yawa da zai riƙe ta har wurin ya wuce.

Sai na zare kebul ɗin, na mai da talabijin kan 5 GHz na sabuwar rautar, wadda na matso da ita inda babu bango tsakaninsu. Kwamfutar na bar ta a kan kebul, domin idan duka biyun suna kan Wi-Fi, kowane bayani sai ya bi iska sau biyu. Na koma wurin ruwan saman nan, ya wuce sumul. A nan ne kuɗin rautar ya biya kansa, kuma zuciyata ta yi sanyi. Wasu suna amfani da mahaɗin USB mai ramin gigabit, yana aiki a wasu talabijin, a wasu kuma ba ya yi, don haka ku bincika irin taku kafin ku saya.

Abin da ya rage yanzu shi ne waya. Ita dole a juya mata idan ina waje, tunda ba za a tura mata megabit 67 ta intanet ba, kuma a nan tsohuwar furosesar ba za ta kai ba. Ina tunanin ajiye kwafi na biyu a 1080p mai H.264 na finafinan da aka fi kallo, in bar kwamfutar ta juya su cikin dare a hankali, maimakon sayen kati. Matsalar ita ce launin HDR, domin gwajin farko da na yi ya fito a koɗe. Duk wanda ya samu saitin daidaita launi a FFmpeg ko manhajar juya bidiyo ta HandBrake da ya fito masa da fuskoki yadda suke, don Allah ya turo mini layin yadda ya rubuta shi.