Ɗakin Yuro 300 da ya hana ni taɓa kuɗina a Jamus

Kowa sanyi ya riƙa ja mini kunne a kai kafin in taho Jamus. Sanyin kuwa akwai shi, amma riga ɗaya mai kauri da safa biyu suka raba mu. Abin da ya kusa kai ni ƙasa takarda ce ƙwaya ɗaya, wadda ba wanda ya ambata mini ko da wasa.

Na sauka a Oktoban 2024, daidai buɗe jami'o'i, lokacin da ɗaki ke yin tsadar tsiya. Tun ina Kaduna aka haɗa ni ta WhatsApp da wani ɗan ƙasarmu, ya ce akwai ɗaki a gidan da yake haya, Yuro 300 a wata, ba kuɗin ajiya. A ƙasar da doka ta yarda mai gida ya karɓi ajiyar har wata uku, wa zai ƙi? Ya tarbe ni a tasha, ya dafa mini shinkafa da miya, na yi ta sa masa albarka.

Dokarsu ita ce cikin kwana 14 da tarewa ka je ofishin gari ka yi rajistar adireshi, wato Anmeldung, kuma tun 2015 ba sa yi sai ka kawo shaidar wanda ya ba ka masauki, da sa hannunsa. Da na miƙa wa ɗan ƙasar tamu takardar sai ya hau kame-kame. "Ɗan'uwa, bari sai mako mai zuwa." Mako ya zo ya wuce, wani ya biyo shi. Ashe mai gidan bai san ya saka wani ba, sa hannun kuwa zai tona masa asiri. Ya san da haka tun ranar da ya karɓi kuɗina. Wannan ne har yau in na tuna nake jin raina yana ɓaci.

To ga yadda abin ya ɗaure ni. Yuro 11,904 da gidanmu suka haɗa, har da kuɗin filin da Baba ya sayar, suna kwance a rufaffen asusun da aka nema kafin biza. Yuro 992 ake sakar wa ɗalibi duk wata, amma sai cikin asusun banki na yau da kullum. Duk bankin da na shiga, takardar rajista suka fara tambaya. Lambar haraji ma sai ka yi rajista ake aiko ta ta gidan waya, in babu ita kuma ko ka sami ɗan aiki, yanka mafi tsanani za a riƙa yi wa albashinka. Ga kuɗi da sunana, ga ni ina lissafin burodi a kantin Aldi, ina tara robobin ruwa in mayar a ba ni santi 25 kowace. Ran Lahadi kantuna a rufe ruf, in ba ka yi cefane Asabar ba ruwan shayi ne abincinka. Hajiya ta kira, in ce mata, "Lafiya lau Hajiya, sai sanyi."

Sai kuma akwatin wasiƙa. A nan mai raba wasiƙa suna yake bi, ba lambar ɗaki ba. In sunanka ba ya jikin akwatin da ke bakin ƙofa, wasiƙarka ta koma inda ta fito. Na rubuta sunana a 'yar takarda na manna da salatif a ƙarƙashin nasa. Washegari na sauko na tarar an ɓare, sai shatin salatif ɗin a jikin ƙarfen. Katin inshorar lafiyata haka ya koma.

Mafita daga masallaci ta zo. Masallacin Turkawa ne, huɗuba da Turkanci, ban fahimci ko kalma ba. Wurin ɗaukar takalma na ji wani dattijo yana waya da Hausa, irin ta zangon Kumasi. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai. Ya ce, "Ɗana, wanda ya ba ka ɗaki ya hana ka takarda, ai bai ba ka ɗaki ba." Na ce, "Baba, an ce akwai masu sayar da adireshi." Ya ɗaure fuska, ya ce kul, tarar mai sayarwa tana kaiwa Yuro 50,000, ni kuma izinin zamana ne zai shiga haɗari. Shi ya haɗa ni da wata tsohuwar Bajamushiya mai ɗaki a saman gidanta, Yuro 420 da ajiyar wata biyu, ya kuma ranta mini ajiyar. A teburin kicin ɗinta ta sa hannu tun kafin in kwance jaka. Rajistar da ta hana ni barci ba ta ci minti goma ba.

Cikin wasiƙun farko da suka same ni da sunana har da ta kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 duk wata, ni da ban da ko rediyo. Wallahi da murmushi na buɗe ta.

Yanzu duk ɗalibin da ya tuntuɓe ni, kafin ya tambayi unguwa ko farashi nake cewa ya tambaya ko za a sa masa hannu a takardar Anmeldung, kuma a rubuce, kafin ya tura ko sisi. In aka ce "za mu san yadda za a yi", ya nemi wani wurin, ko da ya fi tsada da Yuro ɗari. Ɗan ƙasar tamu mai ɗakin Yuro 300 kuwa ko kunya, watan jiya ya turo mini saƙo wai ko na san wani mai tahowa da ke neman ɗaki.