Tambayar da wata uwa ta yi mini yau

Talata, bayan sallar isha'i.

Yau da hantsi wata dattijuwa ta rako babban ɗanta karɓar magani, wanda shekara uku ke nan muna duba shi a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa saboda ciwon sikizofireniya, wato wani nau'in taɓin hankali. Da muka gama ya fita, sai ta sassauta murya ta ce, "Likita, ƙanensa fa? Ba ya shiga mutane, kullum yana ɗaki, kuma gani yake kamar ana zancensa a unguwa. Shin abin gado ne?"

Na ce mata, "Mama, akwai gado a ciki, amma ba irin gadon gona ba ne da kowane ɗa sai ya samu rabonsa." Na yi mata bayani da alƙaluman da masanin halayyar ɗan Adam Irving Gottesman ya tattara a 1991: a cikin jama'a kusan mutum 1 cikin 100 ne ke kamuwa, ɗan'uwan mai ciwon na uwa ɗaya uba ɗaya kuwa kusan 9 cikin 100, har ma tagwaye masu kama ɗaya, idan ɗaya yana da ciwon, haɗarin ɗayan bai wuce 48 cikin 100 ba.

Duk da haka maganarta ta tsaya mini a rai har yamma, domin halayen da ta lissafa su ne muke kira na sikizotaifi. Tun 1962 wani masanin, Paul Meehl, ya ce akwai masu gadon tushen ciwon waɗanda mafi yawansu ba sa kamuwa, sai dai a ga alamarsa a ɗabi'unsu. Binciken Seymour Kety da abokan aikinsa a Denmak a 1968, kan yaran da aka ba da riƙo tun suna jarirai kuma daga baya suka kamu da ciwon, ya nuna cewa irin waɗannan alamu sun fi yawa a danginsu na jini fiye da dangin riƙo.

Abin da ke damuna shi ne ma'aunin. Takardar tambayoyi 74 da Adrian Raine ya tsara a 1991 don auna waɗannan halaye tana tambayar mutum ko ya yarda da abubuwan gaibu, kuma a nan, inda aljanu da sammu da kambun baka suke cikin zancen kowane gida, amsar "eh" ba ta gaya mini komai. Na fi dogara da abin da idona zai gani: fuskar da ba ta motsi da farin ciki ko baƙin ciki, zancen da ke kauce hanya ba ya komowa, janyewa daga majalisa da abokai, da kuma ko su kansu 'yan gidan suna ganin tunaninsa ya fita daga abin da aka saba.

Na roƙe ta ta zo da ƙanen ranar Alhamis, idan shi da kansa ya amince, kuma na tambaye ta ko yana taɓa wiwi, domin tana ƙara haɗarin. Ta ce ba ta taɓa jin warinta a jikinsa ba. Har ta kai bakin ƙofa ta juyo ta roƙe ni kada maganar ta fita, saboda ana shirin kai masa gaisuwar aure bayan babbar salla.