Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daren da Jijiya Ta Ɓace Mini

A makon jiya mun tsaya inda aka liƙa sunayenmu a allon sanarwa, kowa da garin da zai je aikin gwaji. Ni ƙauye aka jefa ni, wani asibitin sha-ka-tafi mai ɗaki uku, tafiyar awa ɗaya da rabi a kan babur daga hedikwatar ƙaramar hukuma, shi ma in rafi bai kawo ba. Watan Agusta ne na 2010, ina shekara ta biyu cikin uku na karatun ma'aikacin lafiya na al'umma, wanda muke kira CHEW. Ga damina, ga azumi.

Ban ko ajiye jaka ba wata tsohuwa ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, likita." Wallahi sai da na ji kaina ya ƙara girma. Na gyara farar rigata, na amsa da wata murya da ni kaina ban san ina da ita ba.

Incaj ɗin asibitin, dattijo ne mai furfura da kowa ke ce wa Baba, yana kallona ta taga. Da na shiga ya tura mini wani littafi da bangonsa ya sha salatif, wato Standing Orders, littafin da ya tsara wa irinmu abin da za mu duba, abin da za mu bayar, da inda za mu tsaya mu tura mara lafiya babban asibiti. Ya ce, "Yaro, a garin nan har mai shara likita ake ce masa. Ka haddace wannan."

Shekarar ce amai da gudawa ya ratsa Arewa, daga Borno da Bauchi da Gombe har Katsina, aka rasa mutum sama da 1,500 a faɗin ƙasa. Mu ya iso mana a sati na biyu da zuwana. Muka fitar da benci, muka shimfiɗa tabarmi a baranda, muka daddaɓa ƙusa a bango don rataye ledar ƙarin ruwa. Ƙaurin sinadarin kulorin ya kama mana hannu har abincin buɗa-baki ɗanɗanonsa yake yi.

Wani dare bayan tarawihi, Baba ya hau babur ya tafi karɓo ledojin ruwa, aka bar ni da Inna mai aikin goge-goge. Sai ga wata mata ta shigo da gudu, ɗanta a kafaɗa, ɗan kimanin shekara huɗu. Idanunsa sun faɗa, zanin da ta naɗe shi ya jiƙe da wani farin ruwa kamar na wankin shinkafa. Na tsunkuli fatar cikinsa, ta tsaya cak, da ƙyar ta koma.

"Likita, ka yi masa allura, don Allah."

Mutanenmu sun yarda da allura fiye da komai. Ka ba mutum maganin da zai warkar da shi a kofi, sai ya fita yana cewa ba a yi masa komai ba. Abin kunyar shi ne a daren nan ni ma haka na ɗauka. Na ɗaure masa dantse, Inna ta riƙe tocilan, na shiga laluben jijiya. A makaranta a hannun juna muka koya, hannun ƙarti masu jijiya kamar igiyar guga. Wannan kuwa ruwan jikinsa ya ƙare, jijiyoyin sun lafe. Na soka, babu jini. Na koma ɗaya hannun, babu. Na uku a bayan tafi, wurin ya kumbura. Gumi yana ɗiga daga haɓata a kan tabarma, uwar ta daina kallon ɗanta, ni take kallo.

Inna ce ta yi magana ƙasa-ƙasa: "Malam, yaron nan fa leɓe yake lasa."

Sai a lokacin na tuna shafin da na haddace, wanda ya ce in mara lafiya yana iya haɗiya a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun kafin a samu jijiya. Fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Yana nan cikin kwali kusa da ƙafata tun ɗazu. Inna ta dama, uwar ta tallafi kansa, muka riƙa ɗura masa cokali-cokali. Ya yi amai, muka dakata minti goma, muka ci gaba.

A haka Baba ya same mu. Ya dubi huji ukun da na yi, bai ce uffan ba. Ya rataya yaron a ma'auni, kilo 12. Ya shafa gefen idon sawunsa da babban yatsa, ido a rufe, sau ɗaya ya soka jini ya leƙo. "Lissafa mini," ya ce. Na ce ƙarin ruwa mil 30 a kowane kilo, 360 ke nan cikin rabin awa, sauran 840 a awa biyu da rabi. Ya ce, "Ashe kan yana aiki, hannun ne ya riga shi."

Kafin a kira assalatu yaron ya buɗe ido ya nemi koko.

Kwana uku bayan an sallame su uwar ta dawo da ƙwan zabi goma sha biyu a ƙwarya. Ta wuce Inna da ke shara a ƙofa, ta wuce Baba, ta dire a gabana tana ta sa wa likita albarka. Na rasa inda zan sa fuskata. Da ta fita na kai wa Inna ƙwaryar, ta ɗebi shida ta ce sauran na yi sahur, wai na rame.

A ranar ne kuma Baba ya buɗe rajista yana bin sunayen unguwanni da biro, ya lura cewa yawancin waɗanda muka kwantar daga bayan kasuwa suke, kuma rijiya ɗaya suke sha. Rijiyar kuwa a ƙofar gidan mai unguwa take. Ya rufe rajistar ya ce, "Gobe kai za ka je ka gaya masa."

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.