Yadda muke gyaran kundin waƙoƙin Ingilishi na ƙarni na 18

Sana'armu a nan Ingila gyaran tsofaffin takardu ce, kuma cikin kayan da ake kawo mana babu mai cin lokaci kamar kundin waƙoƙi na rubutun hannu. A ƙarni na 18 littafi tsada gare shi, don haka matan gida, limaman coci da ɗalibai sukan sayi littafi marar rubutu su riƙa kwafe waƙar da ta burge su. Wasu daga mujallu suke ɗauka, musamman Gentleman's Magazine da aka fara bugawa a 1731, wasu daga kundin aboki. Za ka ga baitocin Alexander Pope a shafi ɗaya, a na gaba ta'aziyyar wani jariri da babu wanda ya taɓa bugawa. Waƙar maƙabarta ta Thomas Gray ma sai da ta zaga hannu zuwa hannu kafin a buga ta a 1751.

Idan kundi ya shigo, ba a taɓa shi da komai sai an ƙirga ganyayensa, an sa lamba da fensir mai taushi a kusurwa. Daga nan a ɗaga takarda a haske. Ta wancan zamani da tsumman lilin ake yin ta, kuma za ka ga layuka a tsaye, tsakaninsu kamar santimita biyu da rabi, da tambarin masu yin ta a ciki: ko hoton Britannia, macen da ke wakiltar Birtaniya, ko tambarin Holan da ake kira Pro Patria. Takarda mai santsi marar layuka, irin ta mai yin takarda James Whatman, ba ta bayyana ba sai wajen 1757, kuma daga 1794 masu yin takarda a Ingila suka riƙa sa shekara cikin tambarin. Saboda haka idan dillali ya ce maka kundinsa na 1720 ne alhali takardar ba ta da layi ko ɗaya, ka riƙe kuɗinka.

Tawada ita ce uwar matsala. Ana haɗa ta da ƙullutun da ke fitowa a jikin itacen oak, da gishirin ƙarfe, da ruwa, da ƙaro, wanda a lokacin yawancinsa daga yankin kogin Senegal yake zuwa Turai. Idan ƙarfen ya yi yawa, tawada takan koma ruwan ƙasa, ta yi jirwaye a gefen harafi, ta ɓullo ta bayan shafi, a ƙarshe ta cinye takardar har harafin ya faɗo. Inda marubuci ya danna alƙalamin gashin dinya ko ya ja layi ƙarƙashin take, nan ake fara karyewa. Muna gwadawa da wata 'yar takardar gwaji mai ɗan danshi. Idan ta koma ja-ja, ƙarfen yana nan yana aiki.

Irin wannan shafi ruwa ne makashinsa. Mai gyara da bai sani ba sai ya shafa masa talgen sitacin alkama jiƙe sharkaf, ruwan ya kwashi ƙarfen ya watsa shi cikin takarda, bayan 'yan shekaru ɓarnar ta ninka. Mu jelatin, wani gam da ake samu daga fata da ƙashin dabba, muke amfani da shi, giram 3 cikin ruwa mililita 100 mai ɗumin digiri 40. A shafa shi a kan takardar Japan siririya, a bar ta ta bushe, sannan a yanko daidai tsagar, a ɗan taɓa ta da danshi, a manna, a danne da nauyi. Sitacin alkama muna barinsa ga gefen shafi inda babu rubutu. Akwai wankin sinadarin kalsiyam fayitet da aka ƙirƙiro a Holan a shekarun 1990, yana aiki ƙwarai, amma sai an kwance ɗinkin littafi, mu kuwa ba ma kwance ɗinkin asali sai dole ta yi dole.

Dalili shi ne, darajar kundi tana cikin jerinsa: wace waƙa ta bi wace, ina hannu ya sauya daga na uwa zuwa na 'ya, wane ganye aka yage aka bar guntunsa. Wannan ne masu bincike ke nema a ɗakunan karatu irin Bodleian na Oxford da Beinecke na Yale. Shi ya sa babu abin da ke ƙona mana rai kamar masu yanka kundi su sayar da shi shafi-shafi a intanet, sai kuwa masu gyaran araha da ke liƙa salatif. Salatif yakan bushe ya faɗi, ya bar tabo rawaya da ya ratsa takarda, cire gam ɗinsa kuma aikin wuƙa siririya ne da sinadari, a hankali. Sai mai kundi ya zo yana tayi kamar a kasuwar gwanjo, wai ai shagon ɗaurin littafi na bayan layi rabin kuɗin ya ce. Shagon nan ne zai datse gefen shafuka da inji, ya tafi da rubutun da ke gefe.

Bangon fata ko na takarda mai zanen marmara da ya saki, mukan mayar da shi ne, ba mu sauya shi ba, mu yi wa kundin akwatin kwali marar asid daidai jikinsa. A ajiye shi kwance, nesa da rana da bututun ɗumama ɗaki, zafi kada ya wuce digiri 20, laima ta tsaya wajen kashi 50 cikin 100. Idan ta haura 65 funfuna za ta kama shi, tawadar kuma ta ci gaba da cin takarda.