Talata: shekarun da suke ƙarewa da sifili

Ƙarfe tara na isa ofis, na tarar an turo mini bayanan da masu tambayoyinmu suka tattaro a ƙauyuka ta manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox. Aikina in tsince su kamar shinkafa, in fitar da tsakuwa kafin Alhamis.

Na buɗe R, manhajar nazarin alƙaluma, na zana hoton shekarun mutanen da aka tambaya. Sai ga tsini a kan 30, 35, 40 da 50, kamar haƙoran mataji, tsakaninsu kuwa wayam. Abokin aikina, wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta kuma ya fi ni iya rubuta lambobin umarni nesa ba kusa ba, yana leƙowa ya ce, "Ai yaran nan gindin bishiya suka zauna suka cike fom. A zubar kawai."

Na ce masa, "Malam, tsaya tukuna." Kakata har ta koma ga Allah ba ta san shekarunta ba. Abin da take cewa shi ne tana goyon farko aka kashe Sardauna, sai kai ka ɗora lissafi daga 1966. Mace irinta in ka matsa mata, "arba'in" za ta ce ta huta. Wannan tun a aji biyu aka koya mana shi a darasin ƙidayar jama'a, har da ma'aunin Whipple, wanda ke duba masu shekara 23 zuwa 62 don a ga yawan waɗanda suka taru a kan 0 da 5. Lokacin haddacewa kawai na yi don jarrabawa, wallahi ban taɓa zaton zai ciyar da ni ba.

Bayan azahar wata ta sake ɓullowa. Gida ɗaya an rubuta mutum 34. Abokin aikina ya ce kuskuren yatsa ne. Na kira yarinyar da ta yi tambayar, ta ce babban gida ne, tsoho da 'ya'yansa maza huɗu, kowa da sashensa. To, laifin namu ne. Mun fassara tambayar da "mutum nawa ne a gidan nan", alhali masu cin tukunya ɗaya muke nufi. Na rubuta wa Hajiya a gyara kafin a koma fili. Na kuma ƙara cewa a lura da adadin haihuwa, domin wasu matan kunyar ɗan fari kan hana su ambatonsa, waɗanda suka rasu kuma ba kowa ke son tunawa ba.

Da na gama karatun halayyar zaman jama'a a Jami'ar Bayero, manhajar nazarin alƙaluma ta SPSS kaɗai na sani, ita ma don kundin kammalawa. Wata uku na yi ina kokawa da harshen kwamfuta na Python na ajiye. R ce ta karɓe ni, da bayanan binciken lafiya na NDHS na 2018, waɗanda ake bayarwa kyauta in ka yi rajista. A kansu na koyi komai, da daddare, in akwai wuta.

Har yanzu in na ga tallar aiki an ce sai mai digirin kwamfuta ko lissafi, gabana kan faɗi. Akwai ɗaya da za a rufe ranar Juma'a. Na buɗe ta sau uku yau ban cike ba.

Da na dawo Umma ta tambaye ni me na yi a ofis. Na ce shekarun mutane nake gyarawa. Ta ce to in rage mata biyar.